ALHAJI SIR ABUBAKAR TAFAWA ƁALEWA: MUTUMIN DA KOWA YA RATAYA WA BURINSA

Daga wakilinmu na Arewa

Duk ɗan Arewan da ya zauna a Ikko ya san filin nan na cikin tsibiri, kusa da Onikan, wanda ake kira Filin Tafawa Ɓalewa. Waɗansunmu a bakinsa suke shiga mota, waɗansu kuwa neman abinci ke bi da su ta wurin kullum. A zamanin Turawa filin sukuwa ne. A nan ne, da tsakar daren Jumma'a, wayewar Asabar 1 ga Oktoba 1960, aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Nijeriya a gaban dubban jama'a. Mutumin da daga baya aka sa wa filin sunansa yana tsaye a wurin a daren, yana da shekara 47, kuma bai cika wata goma ba da cin zaɓen da ya tabbatar masa da kujerar Firayim Minista. Tun da aka kafa ƙasar nan da wuya a sami shugaban da jama'a suka sa wa rai kamar yadda suka sa masa. Shekara biyar da 'yan watanni bayan wannan dare aka ɗauki gawarsa daga Ikko zuwa Bauci. Ga tarihinsa, da yadda aka yi da wannan buri.

Asalinsa

An haifi Malam Abubakar cikin Disamba 1912 a garin Tafawa Ɓalewa, ƙasar Lere, a lardin Bauci. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, yana cikin barorin Ajiyan Bauci, hakimin Lere. Sunan mahaifiyarsa Fatima Inna. Watau dai shi ba ɗan sarauta ba ne, ba kuma ɗan attajiri ba. Ya fara da makarantar allo, ya yi elementare a garinsu, sa'an nan cikin 1925 aka kai shi makarantar lardi ta Bauci. Cikin 1928 ya shiga Kwalejin Katsina, inda ya tarar da Ahmadu Raɓah, wanda daga baya ya zama Sardaunan Sakkwato, yana gabansa da aji biyu. A Katsina ne ya goge da Turanci, har malamansa suka shaide shi da iya lafazi. Wannan murya tasa mai kauri da natsuwa ita ce daga baya ta sa ake masa laƙabi da mai muryar zinariya.

Da ya gama cikin 1933 sai ya koma Midil ta Bauci yana koyarwa, har ya kai ga zama hedimasta. A shekarar da ya fara aiki ne Dokta East na ofishin fassara a Zariya ya sa gasar rubuta littattafan hira da Hausa. Malam Abubakar ya shiga da littafinsa Shaihu Umar, labarin yaron da aka raba da uwarsa a zamanin bauta aka ƙetara Sahara da shi, ita kuma ta bi sawu tana nemansa. Wanda ya karanta littafin zai ga halin mai shi a ciki: haƙuri, da tsoron Allah, da rashin gaggawa.

Daga aji zuwa majalisa

A Bauci ya zauna da mutane irin su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, suna taron tattauna al'amuran ƙasa, ko da yake shi ya fi su sassauci. Cikin 1945 aka tura shi Jami'ar London ya yi shekara guda yana ƙaro ilmin koyarwa. Da komowarsa cikin 1946 aka zaɓe shi Majalisar Dokokin Arewa, a 1947 kuma aka tura shi majalisar ƙasa ta Ikko.

Abin da ya fara fito da sunansa sosai shi ne shawarar da ya kawo a majalisar Kaduna cikin Agusta 1950, yana neman a binciki mulkin En'e a gyara shi. Ya yi magana a kan cin hanci, da yadda talaka ba shi da bakin faɗa a kan haraji ko shari'a, da yadda sarki shi kaɗai ke yanke abin da ya ga dama. A wancan zamani ɗan bara ya miƙe ya faɗi haka, sarakuna suna ji, ba ƙaramin abu ba ne. Turawa suka sa aka yi bincike, daga baya aka sauya doka ta yadda sarki zai riƙa aiki tare da majalisarsa. Tun daga ranar talakawa da yawa suka riƙe sunansa.

Da Jam'iyyar Mutanen Arewa, watau NPC, ta zama jam'iyyar siyasa cikin 1951, yana cikin manyanta. Cikin 1952 ya zama Ministan Ayyuka a Ikko, daga baya aka ba shi Sufuri. Zaman Ikko a lokacin bai yi wa 'yan Arewa daɗi ba. Cikin 1953, da Anthony Enahoro ya kawo shawarar a ba da mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ce ba su shirya ba tukuna, sai taron jama'a ya yi musu ihu a ƙofar majalisa, jaridu suka yi ta zaginsu. Abin da ya biyo baya shi ne rikicin Kano na watan Mayu. Shi kansa Malam Abubakar a shekarun farko yana shakkar Kudu da Arewa za su iya zama ƙasa guda, bai kuma ɓoye ba. Tafiyar da ya yi Amurka cikin 1955, don ya ga yadda ake sufuri a kogin Misisipi ko za a yi irinsa a Kwara da Binuwai, ita ta sauya masa ra'ayi. Ya ga kabilu barkatai sun haɗu sun zama al'umma ɗaya, ya komo da imanin mu ma za mu iya.

Ran 30 ga Agusta 1957 Gwamna Janar Sir James Robertson ya naɗa shi Firayim Minista na farko. Ya kafa gwamnatin da ta haɗa manyan jam'iyyu uku, har da ministoci daga Action Group ta Cif Awolowo. A shekarar ne kuma ya sauke farali.

Zaɓen 1959

Zaɓen da zai nuna wanda Turawa za su miƙa wa ƙasa an yi shi ran Asabar 12 ga Disamba 1959. Kujeru 312 ne: Arewa 174, Gabas 73, Yamma 62, Ikko 3. Kowace jam'iyya da alamarta a jikin akwati: NPC fartanya, NCNC zakara, NEPU tauraro, Action Group bishiyar kwakwar manja. A Arewa maza kaɗai suka jefa ƙuri'a. Cif Awolowo ya zaga ƙauyukan Arewa da jirgi mai saukar ungulu, abin da ya tilasta wa manyan NPC su ma su sauko su nemi ƙuri'a gari gari.

Da aka ƙidaya, NPC ta sami 134, NCNC da ƙawarta NEPU 89, Action Group 73, saura kuma 'yan ba-ruwanmu da ƙananan jam'iyyu, yawancinsu suka bi NPC. Ba wadda ta isa ta kafa gwamnati ita kaɗai. NPC da NCNC suka ƙulla ƙawance, Alhaji Abubakar ya ci gaba da zama Firayim Minista, Dokta Azikiwe ya zama shugaban Majalisar Dattawa kafin a naɗa shi Gwamna Janar cikin Nuwamba 1960, Cif Awolowo kuma ya zama shugaban 'yan hamayya. A farkon 1960 Sarauniyar Ingila ta ba Alhaji Abubakar lambar Sir.

Kowa da burinsa

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya duba irin kayan da aka ɗora wa bawan Allahn nan.

Mutanen Arewa suna ganin an yi musu nisa a ilmin zamani da aikin gwamnati, saboda haka suna so ɗansu ya cike musu giɓin: makarantu, da hanyoyi, da gurabe a ma'aikatun tarayya da aikin soja. 'Yan uwanmu mazauna Kudu, masu goro a Shagamu da Agege, masu shanu a Sabon Badun, masu gadi da 'yan ƙwadago a Obalende, suna ganin yanzu wanda ke bisa kujera mai jin yarensu ne, raini ya ƙare. Talakawan NEPU ba su manta da shawarar 1950 ba, ga kuma Malam Aminu Kano ya ci zaɓe yana ɓangaren gwamnati a majalisa, sai suka sa rai za a sassauta musu ɗauri da bulalar 'yan doka.

A Kudu kuwa samari dubbai ne ke fitowa daga makarantu kowace shekara, musamman bayan da Jihar Yamma ta fara ilmin firamare kyauta a 1955, kowannensu yana jiran kujerar da Bature zai bari. Leburori da ma'aikatan reluwe da na tashar jiragen ruwa suna jiran ƙarin albashi. Ƙananan kabilu, irin su Tibi da mutanen Kalaba da na bakin teku da na Binin, suna jiran a yanka musu jihohinsu, tun da hukumar Willink ta 1958 ta ƙi yarda a yi kafin mulkin kai. Ɗaliban jami'a suna so a sami shugaba mai zafi irin Nkrumah na Gana, wanda zai yi wa Turawa tsawa. Ingila da Amurka kuma suna so ya zama mai sanyi, wanda zai nuna wa duniya cewa mulkin ƙuri'a zai zauna a Afirka, har mujallar Time ta sa hotonsa a bangonta cikin Disamba 1960.

To, waɗannan buruka ba su jituwa. Gurbin da za a ba ɗan Arewa shi ne wanda ɗan Kudu mai takarda ke jira. Jihar da Tibi ke nema daga jikin Arewa za a yanke ta, jam'iyyarsa kuwa ba za ta yarda ba. Sassaucin da ɗan NEPU ke nema yana hannun En'e, En'e kuwa ita ce gatan NPC a lokacin zaɓe. Duk wanda ya faranta wa, sai ya ɓata wa wani. Dalilin da ya sa kowa ya yarda da shi kuwa ɗaya ne: an san ba ya ƙarya, ba ya cin dukiyar jama'a, ba ya wulakanta mutum. Kowane ɓangare ya ɗauka cewa tun da mutumin kirki ne, to nasa buri zai cika.

Ƙarfin kujerar

Abin da jama'a ba su auna ba shi ne iyakar ƙarfin kujerar. Tsarin mulkin da aka gada daga 1954 ya ba jihohi uku iko mai yawa. Makarantu, asibitoci, aikin gona, kotunan alƙalai, da hukumomin sayen gyaɗa da auduga da koko, inda kuɗi suke, duk suna hannun Kaduna da Badun da Inugu. Shugaban jam'iyyarsa, Sardauna, ya zaɓi ya zauna Kaduna yana Firimiya, shi kuwa Firayim Ministan ƙasa duka mataimaki ne a jam'iyya. Ministocinsa da dama kuma na wata jam'iyya ne, masu sauraron nasu shugabanni. Man fetur a lokacin bai zama komai ba, don sai a 1958 aka fara fitar da shi. Arzikin ƙasa yana kan amfanin gona da kuza, farashinsu kuwa a kasuwannin Turai ake yankewa.

Duk da haka an yi aiki. Cikin 1962 aka fito da shirin raya ƙasa na shekara shida, na fam miliyan ɗari shida da 'yan kai, ko da yake rabin kuɗin daga waje aka sa ran samu, abin da ya zo kuma bai kai ba. Hanyar jirgin ƙasa da ya yi wa fafutuka tun yana Ministan Sufuri ta tashi daga Kuru ta bi ta Bauci da Gombe ta isa Maiduguri a 1964. A shekarar aka fara madatsar ruwa ta Kainji, wadda ba a gama ba sai 1968, bayan ransa. Cikin 1965 aka gama matatar mai ta Fatakwal da gadar Kwara da ta haɗa Asaba da Anacha. Jami'o'in Nsukka da Zariya da Ife da Ikko duk a zamaninsa aka buɗe su, ta Ikko ita ce ta gwamnatin tarayya. An kuma sa ƙa'idar rabin waɗanda za a ɗauka aikin hafsan soja su fito daga Arewa.

A waje sunansa ya fi haske. Ran 7 ga Oktoba 1960 ya shigar da Nijeriya Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙasa ta 99. Ya aika soja da 'yan sanda Kwango don kwantar da tarzoma. Cikin Janairu 1961 ya kori jakadan Faransa saboda gwajin bom ɗin nukiliya da suka yi a Sahara. Yana cikin waɗanda suka matsa har Afirka ta Kudu ta fita daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a 1961, saboda wariyar launin fata. A Yuli na shekarar ya ziyarci Shugaba Kennedy, ya yi jawabi a majalisar Amurka. Yarjejeniyar tsaro da Ingila, wadda ɗalibai suka yi wa zanga-zanga, an soke ta a Janairu 1962. Cikin Mayu 1963 yana Addis Ababa aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, bisa hanyar bi-sannu da shi da abokan ra'ayinsa suka fi so.

Al'amura sun dagule

A gida kuwa tun 1962 ruwa ya fara ɗaukar zafi. Cif Awolowo da mataimakinsa Cif Akintola suka ɓata, aka yi dambe da kujeru a majalisar Badun cikin Mayu, gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma, ta naɗa Dokta Majekodunmi kantoma. Cikin Satumba 1963 kotu ta ɗaure Awolowo shekara goma bisa laifin shirin kifar da gwamnati. Yarbawa da yawa daga nan suka yanke ƙauna da gwamnatin Ikko. Jihar Yamma ta Tsakiya da aka yanka a 1963 ita kaɗai aka ƙirƙiro, kuma daga ƙasar 'yan hamayya aka yanke ta, sauran masu neman jiha suka ga ba da su ake ba.

Ƙidayar jama'a ta 1962 aka soke ta saboda gardama. Da aka sake a 1963 aka ce mutanen ƙasa miliyan 55 da dubu ɗari shida ne, Arewa na da kusan miliyan 30, sai Firimiyan Gabas, Dokta Okpara, ya ce bai yarda ba. Ƙawancen NPC da NCNC ya tsage daga nan. Cikin Yuni 1964 ma'aikata suka yi yajin aiki na ƙasa baki ɗaya, kusan mako biyu, a kan albashi, suna nuni da manyan motoci da gidajen waɗansu ministoci. Shi Firayim Minista ba wanda ya zarge shi da sata, amma ana cewa ya kasa tsawata wa na kusa da shi. A ƙasar Tibi an yi tarzoma a 1960, aka sake a 1964, har sai da aka tura soja.

Zaɓen 30 ga Disamba 1964 ya zo da rigima. Ƙawancen UPGA ya ce an hana 'yan takararsa tsayawa a wurare da yawa na Arewa, ya ƙaurace wa zaɓen. Shugaban Ƙasa Azikiwe ya yi kwanaki bai kira Sir Abubakar ya kafa gwamnati ba, sai ran 4 ga Janairu 1965 aka daidaita. A watan Mayu Allah ya yi wa Alhaji Muhammadu Ribaɗu rasuwa, Ministan Tsaro, mutumin da ake jin tsoronsa, wanda kuma shi ne babban madogararsa a Ikko.

Sa'an nan zaɓen Jihar Yamma na 11 ga Oktoba 1965, wanda aka yi wa maguɗi a fili. Jama'a suka fusata, aka shiga ƙone gidaje da motoci da mutane da fetur. Hanyar Ikko zuwa Badun ta zama abin tsoro, fatake 'yan Arewa ma suka shiga zaman ɗar-ɗar. An yi ta roƙonsa ya kafa dokar ta-ɓaci kamar yadda ya yi a 1962, bai yi ba. Masu sukarsa suka ce don Akintola abokin ƙawancen NPC ne. Ko masoyansa sun yarda cewa a nan haƙurin da aka yabe shi da shi ya zama jinkiri, kuma jinkirin ya ci rayuka.

Ƙarshensa

Ran 11 da 12 ga Janairu 1966 ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashe renon Ingila a Ikko, a kan batun Rodeshiya, karo na farko da aka yi irin taron a wajen London. Kwana uku bayan nan, kafin asubahin Asabar 15 ga Janairu, cikin watan azumi, waɗansu hafsoshin soja suka shiga gidansa na Onikan suka tafi da shi. A daren suka kashe Sardauna a Kaduna, da Akintola a Badun, da Ministan Kuɗi Okotie-Eboh, da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad. Sai ran 21 ga wata aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Ikko zuwa Abeokuta. Aka kai shi Bauci aka binne ana dab da ƙaramar Salla. Ya rasu yana da shekara 53. Mutumin da ya riƙe gwamnatin ƙasar nan fiye da shekara takwas bai bar wata dukiya ba in ban da gida irin na kowa da gonarsa ta Bauci, inda yakan je hutu.

A titunan Ikko mutane da yawa sun yi murna da zuwan soja, waɗansunsu ma su ne suka yi ta tafi a filin sukuwa a 1960. Suka kwashe burin nan dukansa suka ɗora wa Janar Ironsi. Cikin wata bakwai shi ma aka kashe shi, a 1967 kuma ƙasa ta faɗa yaƙin basasa na wata talatin.

Yau kabarinsa yana Bauci, jami'ar tarayya ta garin tana ɗauke da sunansa, hotonsa kuma yana jikin takardar naira biyar. Abin da tarihinsa ke nuna mana, mu da kan yi layi mu jefa ƙuri'a sa'an nan mu koma gida mu jira, shi ne gaskiyar shugaba da amanarsa ba su isa su biya wa kowa bukata ba in jam'iyyarsa, da ministocinsa, da tsarin mulkin, da mu kanmu, kowa na ja ta nasa gefe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk sa'ad da aka zaɓi sabon shugaba muka ji ana cewa wahala ta ƙare, ya kamata mu tambaya me kujerar za ta iya, su wa ke kewaye da shi, kuma burin da muka ɗora masa bai ci karo da na maƙwabcinmu ba.

Wanda hanya ta bi da shi ta filin nan na Onikan, ya tuna da malamin makarantar Bauci, ya yi masa addu'a. Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar, ya gafarta masa kurakuransa, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.